Kofin Davis da kukan "manya ba sa zuwa": tun ran gini tun ran zane

Duk shekara in Nuwamba ta kama aka zo ƙarshen gasar Kofin Davis, wato gasar tanis ta maza tsakanin ƙasa da ƙasa, sai ka ji an dawo da zance ɗaya, wai kofin ya mutu, wai manyan 'yan tanis sun daina ganin darajarsa, wane ya ce gajiya wane ya ce rauni wane kuma ko uzurin ma bai damu ya bayar ba. Abin ya ƙara zafi tun 2018 da hukumar tanis ta duniya ta miƙa gasar ga kamfanin Kosmos na Gerard Piqué, eh wannan Piqué ɗin dai na Barcelona, kan alkawarin dala biliyan 3 cikin shekara 25. Aka kwaso ƙasashe 18 aka zuba su a Madrid a Nuwamban 2019 wai a gama komai cikin sati ɗaya, har wani karon Amurka da Italiya sai ƙarfe huɗu na asuba aka tashi kujeru duk wayam, kuma ba a je ko'ina ba farkon 2023 yarjejeniyar ta watse. Masu kukan suna da gaskiyarsu, ban musa ba. Abinda ban yarda da shi ba shine wannan magana da ake yi cewa a da can kowa rububin zuwa yake, don in ka koma tushen abin za ka tarar tun ranar farko ma manyan ba su zo ba.

Wani ɗalibin jami'ar Harvard ne ya kafa abin, Dwight Davis, ɗan masu kuɗi daga St. Louis, bahago, shekararsa 21 a lokacin. A 1899 shi da abokansa sun yi tafiya zuwa California buga wasa, suka ga yadda mutane ke ɗokin kallon gabas da yamma suna karawa, sai ya ce to in haka ne ina ga ƙasa da ƙasa. A gaskiya tunanin ba nasa bane shi kaɗai, shugaban ƙungiyar tanis ta Amurka Dokta James Dwight ya daɗe yana bibiyar Turawan Ingila kan su yarda a riƙa irin wannan karo, amma shi Davis ne ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya yi odar ƙatuwar tasa ta azurfa daga wani shago a Boston, kuma ka san halin duniya, mai kuɗin ake tunawa. Sunan gasar na hukuma ma wani dogon abu ne na turanci, mutane suka gaji suka riƙa cewa kofin Davis kawai, sai bayan ya mutu a 1945 aka tabbatar da sunan a takarda.

Tsarin da suka ajiye mai sauƙi ne kuma ya yi shekara ɗari da wani abu bai canja ba. Kwana uku, wasa biyar. Ranar farko mutum da mutum sau biyu, rana ta biyu bibbiyu, rana ta uku a musanya abokan karawa a sake mutum da mutum sau biyu, ƙasar da ta ci uku ta tafi da nasara. Kowane wasa kuma turmi biyar ne, bari in ari kalmar 'yan dambe don ta fi zama a baki, wanda ya riga cin turmi uku shikenan.

Agustan 1900 aka yi na farko a kulob ɗin Longwood da ke Boston. A lokacin duk duniya babu wanda ke ja da cewa gwanayen tanis su ne 'yan uwan nan biyu na Landan, Reggie Doherty da ƙaninsa Laurie, Reggie ya ci Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, sau huɗu a jere daga 1897 zuwa 1900. To ba su zo ba. Aka turo Arthur Gore da Ernest Black da Herbert Roper Barrett, su ma ba kanwar lasa bane don Gore ya ci Wimbledon shekarar da ta biyo baya, amma dai ba su ne na gaba ba. Kuma don ka ga irin rainin da suka zo da shi, suna sauka daga jirgin ruwa a New York maimakon su wuce Boston su saba da fili sai suka tafi yawon buɗe ido kallon ruwan Niagara. Da suka iso aka shiga fili sai ido ya raina fata. Ga zafi, ga ciyawa ta fi wadda suka saba tsawo, raga ta saki, ƙwallaye sun yi laushi, sannan ga wani irin sabis, wato bugun fara wasa, da yaran Amurka suka ƙirƙiro wanda ake murza ƙwallon in ta faɗi ƙasa sai ta yi tsalle ta karkace gefen da ba ka zata ba. Malcolm Whitman ya lallasa Gore turmi uku babu ko ɗaya, Davis da kansa ya doke Black, washegari Davis da Holcombe Ward suka cinye wasan bibbiyu 6-4, 6-4, 6-4, ranar ƙarshe ruwan sama ya zo ya raba gardama aka tashi 3-0. Barrett lauya ne, ya ƙetare teku ya buga wasa ɗaya tak ya juya gida bakin aikinsa, daga baya ya rubuta ƙorafi mai zafi kan filin da ƙwallayen, irin na wanda aka kayar ya ce ƙasa ce ke da santsi, kodayake a nan da alama ƙasar ma da laifinta.

Shekara ta biyu, 1901, ba a ma yi gasar ba kwata-kwata saboda Ingila ta kasa haɗa tawagar da za ta tafi. Kofi ɗan shekara ɗaya kenan har ya fara zaman kabad.

A 1902 'yan Doherty suka zo amma Amurka ta sake tsira 3-2 a Brooklyn, sai 1903 suka dawo da shirinsu. Abin dariya a nan Reggie ya ji ciwo a kafaɗa, Ingila ta gwammace ta sallama wasan farko kyauta da ta sa wani a madadinsa, don doka ta ce in ka canja mutum to ya fita kenan daga wasannin ɗaiɗai, aka yi sa'a ruwan sama ya jinkirta wasa kafaɗar ta huta, suka cinye sauran huɗun duka suka tafi da kofin Landan. Don mai karatu ya gane wane zamani muke magana, a Fabrairun wannan shekarar ce sojojin Ingila suka shiga Kano, Maris suka shiga Sakkwato, ƙarshen Yuli aka yi Burmi, farkon Agusta kuma samarin wannan daular suna Boston cikin farin wando da farar riga mai dogon hannu suna buga ƙwallo a kan ciyawa. Laurie a wannan tafiyar har gasar Amurka ya haɗa ya cinye, baƙo na farko da ya taɓa yin haka, kuma duk zamansa a Kofin Davis ba a taɓa cinsa ba ko sau ɗaya, wasa 12 nasara 12. Su biyun ba masu ƙoshin lafiya bane, Reggie ya mutu 1910 yana da shekara 38, Laurie 1919 yana da 43.

To yanzu kofi ya koma Ingila, sai me? Sai Amurkawan da suka ƙirƙiro gasar su ma suka ƙi zuwa a 1904. Beljiyam da Faransa ne suka shigo suka rufa wa gasar asiri, Beljiyam ta kai ƙarshe aka yi mata 5-0.

A nan ya kamata in tsaya kan wata doka da ita ce uwar matsalar a ganina, wato zagayen ƙalubale. Ƙasar da ke riƙe da kofi ba ta buga komai duk shekara, tana zaune a gida kamar sarkin dambe a gindin ganga, sauran ƙasashe su yi ta dukan juna har a samu guda ɗaya da ta rage, sannan ita wannan ɗin ta ɗauki jakarta ta je har gidan mai kofi, a filinsa, da ƙwallayensa, gaban mutanensa. In mai kofin yana Landan ko New York da sauƙi, sati ɗaya ne a teku. Amma a 1907 sai kofin ya faɗa hannun mutanen da ke can ƙarshen duniya.

Ostireliya da New Zealand a lokacin tawaga ɗaya suke haɗawa da sunan Ostiralasiya, kuma kusan a ce mutum biyu ne tawagar. Norman Brookes na Melbourne, bahago, siriri, marar yawan magana, kullum da hularsa, ɗan gidan attajiri, ana ce masa mai sihiri saboda yadda yake karanta inda ƙwallo za ta tun kafin a buga ta. Sai Anthony Wilding na Christchurch, wanda ya karanta lauya a Cambridge, dogo kyakkyawa mai ƙarfin jiki, ba ya sha ba ya busa, yana motsa jiki kamar ɗan dambe a zamanin da sauran 'yan wasa ke ganin atisaye ƙauyanci ne, kuma a kan babur yake zaga Turai daga wannan gasa zuwa waccan. A 1907 Brookes ya zama namiji na farko daga wajen Birtaniya da ya ci Wimbledon, sannan su biyun suka doke Amurka 3-2 suka doke Ingila 3-2 suka sa tasar azurfa a jirgi sai Melbourne. An ce matar Brookes, Mabel, furanni take zubawa a ciki a ɗakin cin abincinsu, don babu wani ofis da za a ajiye ta.

Daga nan fa zuwa neman kofi ya zama aikin wata uku ko fiye, ka bar aikinka ka bar iyalinka ka yi makonni a teku ka je ka buga wasan kwana uku ka sake makonni a hanyar dawowa, kuma ko sisi ba za a biya ka ba don doka ta ce tanis wasan sha'awa ne, wanda ya karɓi kuɗi ya fita daga sahun mutanen kirki. Wa zai iya wannan in ba ɗan masu hali ba? A 1908 manyan Amurka suka noƙe, Beals Wright da Fred Alexander ne suka daure suka tafi, kuma wallahi sun yi abin a yaba, cikin zafin Melbourne mai gasa mutum Wright ya sha kashi a turmi biyun farko hannun Brookes, na farkon ma 6-0, amma ya taso ya cinye wasan 12-10 a turmi na biyar, aka zo 2-2, sai Wilding ya share Alexander ya riƙe kofin. Shi wannan Wright ɗin shekara biyu kafin nan an yanke masa yatsa ɗaya bayan wani hatsari da kwalba. A 1909 Amurka ta turo yara biyu 'yan California da ba su kai ko'ina ba aka yi musu 5-0 a Sydney. A 1910 babu ƙasar da ta je, gasar ta sake kwana a kabad karo na biyu cikin shekara goma sha ɗaya.

Kuma kar a ce baƙi ne kawai ke ƙin zuwa. Gasar 1911 a Christchurch aka yi ta, garin su Wilding, a farkon Janairun 1912, lokacin shine zakaran Wimbledon, amma yana Turai yana harkokin gabansa bai dawo ba. Ka duba fa, a mahaifarsa. Da yau ne wani ya yi haka da an cinye shi ɗanye a intanet. Shekarar da ta biyo baya ma bai zo ba, Amurka kuma ta janye, Ingila ta lallaɓo Melbourne wani ɗan Ireland mai suna James Cecil Parke, wanda shahararren ɗan wasan zari-ruga ne ma, ya kayar da Brookes ba zato suka ɗauke kofin 3-2. A 1913 kuwa Ostiralasiya ba Brookes ba Wilding ta fita tun zagayen farko.

Da kofin ya dawo kusa sai ga ƙasashe sun fito, 1913 har takwas suka shiga, ciki da Jamus da Kanada da Afirka ta Kudu, wadda ita ce ta farko daga nahiyarmu, ta Turawa zalla ba sai an faɗa ba. Amurka ce ta ci, kuma mutum biyun da suka ɗauko mata shi kowanne labarinsa abin a zauna a ji ne. Maurice McLoughlin na cikin yaran nan da aka yi wa 5-0 a Sydney, mai jan gashi, shi ba ɗan kulob ɗin masu kuɗi bane, a filayen gwamnati na Golden Gate Park a San Francisco ya koya, fili mai tauri inda ƙwallo ke tashi sama, shi ya sa ya taso da sabis kamar harbin bindiga yana bugawa yana rugawa gaban raga. Na biyun Richard Norris Williams, wanda aka haifa a Geneva, yana cikin jirgin Titanic shi da mahaifinsa a Afrilun 1912 suna hanyar zuwa Amurka zai shiga Harvard. Uban ya mutu a wurin, shi kuma ya yi sa'o'i a wani ƙaramin kwalekwale da ruwan ƙanƙara ya cika shi har gwiwa, da aka tsamo su zuwa jirgin Carpathia likita ya duba ƙafafun ya ce sai dai a yanke, yaron ɗan shekara 21 ya ce ba a isa ba, ya riƙa tashi duk bayan sa'a biyu dare da rana yana takawa a kan jirgin yana cije baki har jini ya dawo. Wata goma sha biyar bayan nan yana Wimbledon yana buga wa Amurka wasan ƙarshe na Kofin Davis da waɗannan ƙafafun. A cikin Carpathia ɗin ma akwai wani ɗan tanis da ya tsira, Karl Behr, wanda ya buga wa Amurka a 1907.

Sai 1914, shekarar da kowa ya zo, kuma ita ce ta fi ban tausayi. Brookes ya dawo yana da shekara 36 ya ƙwace Wimbledon daga hannun abokinsa Wilding wanda ya riƙe shi shekara huɗu, suka haɗu suka nufi Amurka. Ƙarshen Yuli suka kara da Jamus a wani kulob kusa da Pittsburgh, Otto Froitzheim da Oscar Kreuzer ne Jamusawan, ana wasa ana jiran waya daga Turai don kowa ya san yaƙi na bakin ƙofa, aka gama ranar 1 ga Agusta 5-0, ranar da Jamus ta shelanta yaƙi kan Rasha. Jamusawan biyu suka hau jirgi za su koma gida, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin wajen Gibraltar suka sauke su, aka tsare su a matsayin fursunonin yaƙi.

Sati biyu bayan nan, Ingila ta riga ta shiga yaƙi, aka yi wasan ƙarshe a sabon filin Forest Hills na New York gaban mutum sama da dubu goma, taron da tanis bai taɓa gani ba. McLoughlin ɗan shekara 24 da Brookes, ƙarfi da dabara. A lokacin babu wannan dokar ta yanke turmi in an kai 6-6, sai wani ya ba wani tazarar biyu ko da za a kwana, babu kujerar hutu in an canja gefe, raket na katako ne mai nauyi, ga dogon wando. Turmin farko kaɗai sai da aka kai 17-15, McLoughlin ya ci, kuma daga nan ƙafar dattijo ta saki, 6-3, 6-3. McLoughlin ya zo ya doke Wilding ma a ranar ƙarshe, wato ya kayar da gwanayen duniya biyu cikin kwana uku, amma duk da haka kofin bai zauna ba don su biyun kowanne ya ci Williams kuma sun ci wasan bibbiyu, 3-2. Wannan wasan da McLoughlin shine na ƙarshe da Wilding ya buga wa ƙasarsa. Ya koma Ingila ya shiga soja, ranar 9 ga Mayun 1915 harsashin igwa ya faɗa kan ramin da yake ciki kusa da Neuve-Chapelle a arewacin Faransa, yana da shekara 31. Parke an ji masa rauni a yaƙin amma ya rayu. Shekara huɗu babu gasa, tasar na Melbourne, kuma da aka dawo aka hana Jamus shiga har 1927.

Akwai kuma waɗanda ba wai sun ƙi zuwa bane, ba a ma buɗe musu ƙofa ba. Kulob-kulob ɗin Amurka da ake zaɓo 'yan wasa daga cikinsu ba sa karɓar baƙar fata, har sai da baƙaƙen suka kafa tasu ƙungiyar a 1916, kuma sai 1963 aka ga baƙi na farko a tawagar Amurka, Arthur Ashe. Masar ta shigo 1929, Najeriya sai 1974. Waɗanda suka fara fasa wannan katangar daga waje 'yan Asiya ne a 1921. Indiya tana ƙarƙashin Ingila ta shigo da su Mohammed Sleem na Lahore ta je har Paris ta doke Faransa, sannan Japan a shigarta ta farko ta kai har wasan ƙarshe. Su ma in ka duba yadda aka yi suka samu zuwa, Zenzo Shimizu ma'aikacin kamfanin Mitsui ne da aka tura Kalkata, Ichiya Kumagae kuma ma'aikacin bankin Mitsubishi a New York, wato kamfani ne ya ɗauke musu nauyin da 'ya'yan attajirai ke ɗauka da kansu. Shimizu ɗan ƙaramin mutum mai yawan murmushi da wani irin riƙon raket da ya samo daga wasan ƙwallon roba na ƙasarsu, ya ci gwanin Amurka Bill Tilden turmi biyun farko, a na uku saura maki biyu ya gama da shi, sannan Tilden ya farfaɗo ya ƙwace.

Shi Tilden ɗin nan shine ya mamaye shekarun 1920. Ɗan Philadelphia, bai yi fice da wuri ba, a 1919 Bill Johnston ya gano bugunsa na bayan hannu ba shi da ƙarfi ya yi ta dukan wurin har ya cinye shi a wasan ƙarshe na gasar Amurka, sai Tilden ya ɓace duk lokacin sanyi ya je wani rufaffen fili a Providence yana gyara wannan bugu ɗaya, ya fito 1920 yana da shekara 27 ya zama dodo. Shi da Johnston ɗin, ana ce musu Babban Bill da Ƙaramin Bill, suka je Auckland suka ɗauko kofin 5-0, Brookes na da shekara 43 yana fili har lokacin, suka riƙe shi shekara bakwai a jere har 1926. A 1922 an yanke wa Tilden wani ɓangare na yatsan tsakiya a hannun da yake wasa da shi, bai hana komai ba. Ƙarshen rayuwarsa dai bai yi kyau ba, an ɗaure shi sau biyu a shekarun 1940 kan lalata da yara maza, ya mutu 1953 ba shi da komai, wannan ma yana cikin tarihin kuma bai kamata a tsallake shi ba. Amma ka tuna shida daga cikin shekara bakwai ɗin nan suna gida ne a zaune, ƙasashe sun yi yawa har an raba su shiyyar Turai da shiyyar Amurka a 1923, kowa ya gama wahalarsa ya zo ya same su da hutunsu. Wannan doka ta zagayen ƙalubale sai 1972 aka soke ta, kuma har zuwa 1973 ƙasashe huɗu ne kacal suka taɓa cin kofin.

Faransawa ne suka karya su, samari huɗu, Jean Borotra da Jacques Brugnon da Henri Cochet da René Lacoste, wannan dai mai kada a ƙirjin riga, kadan laƙabinsa ne tun yana wasa. Sun zo 1925 an kore su, sun zo 1926 an kore su amma Lacoste ya ci Tilden wasa ɗaya, karon farko da aka ci shi a wasan ɗaiɗai na zagayen ƙalubale. Lacoste ba shi da baiwar Cochet, abinda yake da shi littafi ne, yana rubuta raunin kowane ɗan wasa, kuma abinda ya rubuta kan Tilden bai wuce cewa mutumin ya tsufa ba, a mayar masa da kowace ƙwallo a sa shi gudu. Sannan ga wani rashi da Amurka ta jawo wa kanta, Vincent Richards, matashin da ya kamata ya rage wa Tilden nauyi, ya karɓi kuɗi a 1926 ya shiga wasan haya tare da tauraruwar tanis ta Faransa Suzanne Lenglen, doka ta haramta masa Kofin Davis har abada. To a Satumban 1927 a Germantown, unguwar da aka haifi Tilden, dole shi mai shekara 34 ya buga kwana uku a jere, ya ci Cochet ranar farko, ya sha turmi biyar a wasan bibbiyu rana ta biyu, rana ta uku Lacoste ya same shi a gajiye ya gama da shi, Cochet ya ƙarasa Johnston, 3-2.

Faransa ba ta da filin da zai ɗauki taron kare kofi, dole aka gina sabo cikin gaggawa a gefen Paris aka sa masa sunan wani matuƙin jirgin sama da ya mutu a yaƙi a 1918, Roland Garros, wato filin da ake kallon babbar gasar tanis ta Faransa duk shekara a talabijin Kofin Davis ne sanadinsa. An gama gini, an sayar da tikiti, kowa na jiran Tilden da Lacoste a Yulin 1928, kwatsam sai ƙungiyar tanis ta Amurka ta dakatar da Tilden, laifinsa wai ya rubuta wa jaridu labarin Wimbledon an biya shi, kenan ya ci kuɗi da tanis. Faransawa suka ce ba su san zance ba, wa zai cika musu kujerun? Magana ta kai har ofishin jakadancin Amurka a Paris, jakada Myron Herrick ya sa baki, kuma abin mamaki shi Dwight Davis mai kofin a lokacin shine ministan yaƙi na Amurka. Aka ɗage dakatarwar na ɗan lokaci, Tilden ya shiga fili ba wani shiri, a kan jar ƙasar da ba tasa ba, ya sha kashi 6-1 a turmin farko sannan ya juya ya doke Lacoste a turmi biyar. Faransa ta cinye sauran huɗun ta riƙe kofinta, ta ci gaba da riƙewa har 1932. Tilden kuwa yana komawa gida aka mayar masa da dakatarwarsa, gasar Amurka ta wannan shekarar ba a bar shi ya buga ba, Cochet ne ya je ya cinye ta.